Ƙofar Ɗakin Inna

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, Shi ne kuma shaidata a kan abin da zan faɗa. Da farko ban yi niyyar taɓo wannan shekara ba, don duk sanda na tuna ta abinci fita raina yake yi. Abin da ya sa na sake shawara wata magana ce da na ji bara a wurin suna a Lambara. Ina zaune a zaure, sai na ji wata yarinya cikin jikokin Kawu Bube, yayan mahaifiyata, wadda ko uwarta ba a haifa ba lokacin da abin ya faru, tana gaya wa ƙawarta a bayan zana wai ai matar Tela ce ta hana uwar mijinta zama a gidan Boɗinga. Tela ni ne. Matar Tela kuwa Luba ce, uwarku, wadda ke kwance a kabari ba ta da bakin kare kanta. Na tashi ban ci naman sunan ba. Tunda ƙarya ta yi tsawon rai har ta kai bakin jikoki, to ku zauna ku ji yadda aka yi daga wanda aka yi a kansa.

A ƙarshen zamanin Turawa ne aka gyara hanyar mota da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga ta nufi Shagari, aka yanka filaye a bakinta ana ba masu sana'a. Ni lokacin ina ɗinki a kasuwa, ina da keke nawa na kaina, ina haya a wani ɗaki da ni da Luba da yayyenku biyu. Na nemi fili na samu, amma da sharaɗi: duk wanda aka ba wuri a bakin hanya ba zai yi gini irin na iyayensa ba, sai yadda aka zana a takarda. Aka miƙo mini wata takarda shuɗiya mai fararen layuka, aka ce taswirar gidana ke nan. Wanda ya zana ta bai taɓa ganina ba, bai san ko ni mai iyali ne ko gwauro ba. Falo ɗaya, ɗaki biyu, duk a ƙarƙashin rufin kwano guda, ƙofar shiga ɗaya, tagogi suna kallon hanya. Babu zaure. Na ga haka na ce to, ai in an gama sai mutum ya ƙara abin da yake so. Ban daɗe da wannan tunani ba wani maƙwabcina mai sayar da albasa ya ɗora zaure na ƙasa a gaban nasa, ɗan ƙarami, don baƙinsa su sami wurin zama. Malamin duba gini ya zo daga birni ya auna, ya buɗe takarda, ya ce babu zaure a ciki. A gabanmu aka sa mutumin ya rushe shi da hannunsa, yana rushewa yana tsine wa takardar. Daga ranar kowa ya shiga taitayinsa. Na haɗa abin da na tara duka na gina nawa yadda suka ce, muka tare.

Ba mu cika shekara a ciki ba Allah Ya yi wa babana rasuwa a Shagari. Aka raba gida, sashen da ɗakin Inna yake ya faɗa hannun wani ƙanen babana mai shirin yi wa ɗansa aure. Ba a kore ta ba, amma kowa ya san zaman ya ƙare. Da ta fita takaba, yayanta Kawu Bube ya zo daga Lambara ya kira ni gefe.

"Umaru, kai na babba, riƙonta haƙƙinka na, ban hana ka ba," in ji shi. "Amma ka ji ni da kyau. In ruwan hwarko ya sauka ba ta da ɗaki nata ga gidanka, zan zaka in ɗauke ta. Ba ni barin ɗiyar ubana tana raɓe gidan da anka raba."

Na ce na ji, na kuma gode. Lokacin rani bai yi nisa ba, ina ganin akwai sarari.

A nan sai na yi muku bayanin abin da ku 'yan yanzu kuke wa dariya. Ni ɗan fari ne. Tun da na yi wayo Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da ni ba, ba ta cin abinci ina kallo. In tana da magana da ni sai ta gaya wa Gwaggo Kulu, ƙanwar babana, ko da kuwa ina tsaye a wurin. "Kulu, ki ce wa wancan kaza." Ni ne wancan. Na san wata cikinku ta taɓa cewa wannan ba so ba ne. Ke ba ki san kome ba. Matar da in na yi zazzaɓi ba ta runtsawa, tana bayan ɗaki tana aiko Gwaggo ta taɓa goshina, ita za a ce ba ta so na? Kunya ce, tarbiyyarsu ke nan, da ita ta tashi, kuma ban taɓa jin ta rage ni da kome ba.

Da na dawo Boɗinga na gaya wa Luba yadda muka yi da Kawu, ko numfashi ba ta ja ba ta ce:

"Malam, mi za a tsaya jira? Ka ba ta ɗakina, ni in koma hwalo da yara."

Ku riƙe wannan magana, ita ce ta farko da ta fito daga bakin matar da ake cewa ta hana. Na yi murna, na kai wa Gwaggo saƙo. Gwaggo ta dube ni kamar na sha wani abu.

"Kai ɗan nan, kana da hankali kuwa? Ta kwana ƙarƙashin ruhi guda da kai? Ta bi ta gabanka da buta da sahe? Ƙofa guda, kana shiga tana hita? Wallahi ta gwammace ta kwana gindin icce. In za ka yi, ka yi mata ɗaki daban can baya, inda ba ta ganinka ba ka ganinta."

Gaskiyarta ce, ni ma na sani. Fili kuwa akwai shi a bayan gida, har awakin Luba na kiwo a ciki. Da a Shagari ne, da ni da magini da 'yan gayya mu tayar da ɗaki kafin kasuwa ta zagayo sau biyu. Amma nan bakin hanya ne. Na je ofishin da ke ba da izini a birni, suka ce ba a ƙara ko tubali ɗaya sai an gyara taswira, kuma ba su karɓar gyara sai daga hannun wanda suka yarda da sa hannunsa. A duk yankin mutum ɗaya ne. Ba zan faɗi sunansa ba, ya mutu, yana da zuriya. Mai Taswira muke ce masa. Ya yi karatun zanen gini a wani wuri mai nisa, ya yi aikin gwamnati, ya fito ya buɗe nasa ofishin. Abin da nake so ku sani shi ne ba Bature ba ne, ba baƙo ba ne. Ɗan ƙasar nan ne, da bakinmu yake magana, uwa irin tawa ce ta goya shi.

Na same shi a bayan wani faffaɗan tebur, ga alƙaluma iri-iri a jere. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ina so a ƙara ɗaki ɗaya a baya saboda tsohuwa. Ya tambaye ni ko ni ne babba a wurinta, na ce ni ne. Ya gyaɗa kai ya yi murmushi, ya ce fam uku. Na ɗauka ban ji daidai ba. Fam uku a lokacin, sai in yi wata da watanni ina taka keke ban ajiye su ba. Na ce, ranka shi daɗe, ba ginin nake so ka yi ba, zanen kawai. Ya ce ai ya sani, ginin ma ba ya yiwuwa sai da zanen. Ni tela ne, na san gyara. Mutum ya kawo mini riga ya ce wuya ya matse, in farke in saki in mayar, in ya ba ni goro in gode, in bai ba ni ba mu rabu lafiya. Ban taɓa jin inda ake biyan kuɗin layi huɗu kamar ana sayen maraƙi ba. Amma ina da zaɓi? Na kwashe abin da na ajiye don ginin kansa na ba shi.

Da takarda ta fito na kawo ta gida ina ɗoki. Ni ban iya karanta ta ba, layuka kawai nake gani. Magini ya zo ya auna da igiya, ya zuba toka a ƙasa ya fitar da siffar ɗakin, ya bar giɓi inda ƙofa za ta kasance. Ranar kasuwar Boɗinga Gwaggo ta kawo Inna ta gani, ni kuwa na tafi rumfa na zauna don in ba su wuri. Luba ce ta ba ni labari daga baya. Ta ce Inna ta shiga tsakiyar tokar ta zagaya a hankali, fuskarta a sake, har ta nuna inda za ta sa gadonta da inda za ta ajiye randa. Sai ta zo ta tsaya a giɓin ƙofa ta ɗaga kai. Tagar ɗakin kwanana na nan sak a gabanta, ko kamu goma babu. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce:

"Kulu, mu tahi, rana na yi."

Ko ruwan da Luba ta kawo ba ta sha ba. Na koma birni. Na ce, ranka shi daɗe, an yi kuskure, ƙofar tana kallon tagata, a gusa ta. Ya ce shi bai yi kuskure ba, ɗaki na ce a ƙara, ya ƙara, ban ce ga inda ƙofa za ta kalla ba. Na ce to ƙofa ɗai ce, a goge a mayar gefe. Ya ce tawada ba ta goguwa, sai an sake zane daga farko, kuma sabon zane sabon kuɗi. Na tsaya ina kallonsa. Mutumin nan da bakinsa ya tambaye ni ko ni ne babba. Ya san abin da tambayar take nufi. Babu mahalukin da ya tashi tsakanin Sifawa da Shagari da zai sa ƙofar uwa ta kalli makwancin ɗanta na fari bisa rashin sani. Har gobe ban yarda mantuwa ya yi ba. Ya sa ta can ne don ya san zan dawo.

Na dawo gida ba ni da ko sisi. Washegari da na dawo daga kasuwa na tarar bayan gida shiru, babu kukan akuya. Luba ta aika an sayar da su duka, har da mai ciki. Ta kuma sauke kwanonin jerenta, waɗanda uwarta ta tara mata tun tana yarinya, ta ba dillaliya. Ta ɗaure kuɗin a gefen zane ta ajiye a gabana. Na ce ba zan karɓa ba. Ta ce:

"Malam, kwano ba shi yi mini addu'a. Inna na yi."

Wannan ita ce matar da ta hana. Allah Ya isa tsakaninta da duk wanda ya fara ƙaga maganar nan.

Na kai kuɗi. A wannan zuwa ne na ga yadda ake aikin da ake kira sabon zane, don na ƙi tafiya, na zauna a baranda ina leƙe ta taga. Ya ɗauko wata takarda shara-shara ya shimfiɗa a kan tsohuwar, ya bi layukan da ke ƙasa da alƙalami yana 'yar waƙarsa, shayin da ke gefensa ko hucewa bai yi ba ya gama. Duk da haka ya ce in tafi in dawo, wai aiki ya yi masa yawa. Na yi ta zirga-zirga a bayan motar albasa, kowane zuwa na rufe rumfa, masu ɗinki suna zuwa suna komawa. Zafi ya tsananta, iska ta fara juyawa. Da na karɓo, magini ya share tsohuwar toka ya zuba sabuwa, sai na ga ya tsaya yana sosa ƙeya. Ƙofa ta bar kallon tagata, gaskiya ne. An mayar da ita jikin katangar waje, tana buɗewa cikin lungun da masu jakuna ke bi su shiga kasuwa. Ɗakin dattijuwa, gwauruwa, ƙofarsa a titi kamar shagon mai gishiri. Ko Gwaggo ban bari ta gani ba, na sa ƙafa na watsa tokar.

Ranar da na koma ban durƙusa ba. Na tafi da maginin don kada a sake rufe ni da layuka. Na ce masa:

"Malam, kai uwarka za ka sa ɗakin da ƙofatai ke kallon lungu?"

Bai ji haushi ba, shi ne abin da ya fi ƙona mini rai. Ya jingina da kujera ya ce:

"Malam Tela, kac ce in kawar da ita daga tagarka, na kawar. Ni abin da anka hwaɗa mini nika zanawa. In kana son ta kudu, da 'yar katanga ta kare, sai ka ce hakanan tun hwarko. Kuma tunda katanga ta shigo, kuɗɗin sun ɗara na da."

Ashe ya san amsar. Kudu, da 'yar katanga. Yana da ita a kansa tun ranar da na fara shigowa, ya riƙe ta yana sayar mini da ita gutsure-gutsure. Na ji kamar in kifar da teburin. Magini ya riƙe mini hannun riga. Na tambaya a ofis ko akwai inda ake kai ƙara, wani akawu ya ce mini tsakanina da mai zane ciniki ne, babu ruwan hukuma. Su suka ce ba ni gini sai da takarda, su suka ce ba takarda sai tasa, amma da ya yanke ni sai ya zama babu ruwansu. Wannan shi ne adalcin da na gani da idona, don haka in kun ji tsofaffi na yabon tsarin wancan zamani, ku ce ban da babanku.

Abu ɗaya ya rage mini mai daraja a duniya, keken ɗinkina. Ban yi shawara da kowa ba sai Luba, ta yi kuka ta ce in yi abin da na ga ya fi. Na ɗora shi a kai na kai wa wani tela a Danchadi wanda ya daɗe yana sha'awarsa. Ya ga a matse nake, ya taya yadda ya ga dama, na sallama. Na biya Mai Taswira, magini na tsaye a kansa har ya zana ƙofa a kudu da katangarta. Daga nan takarda ta shiga ofis jiran hatimi, ta kwanta. Abin da ya saura a hannuna na sayi siminti kaɗan, don taswirar ta ce harsashi sai na siminti, rufi sai na kwano, ba a yarda da azara da ƙasa ba. Kwano kuwa ko falle ɗaya ban iya saye ba. Na koma rumfa da allura da zare, ina ɗinkin hannu kamar almajirin tela, mutane na wucewa suna tambaya ina keke, ina cewa yana wurin gyara. Ban da Luba, Gwaggo kaɗai na gaya wa gaskiya, na roƙe ta kada Inna ta ji.

Ranar da hatimi ya fito, a kan hanyar dawowa hadari ya haɗo daga gabas. Kafin mu iso Boɗinga ruwa ya kece. Na sa takardar cikin riga na rungume ta. Na iso gida na tarar ramin harsashin da muka fara tona ya cika fal, kwaɗi sun riga Inna shiga.

Da gari ya waye na hau mota zuwa Shagari. Na san Kawu Bube, ba ya magana biyu. Na tarar da jakuna a ƙofar gida, an ɗaure gado da tabarmi da randa. Na durƙusa gabansa na warware takarda, na nuna masa hatimi, na nuna masa ƙofar kudu, na ce ya ƙara mini lokaci zuwa kaka. Ya dubi takardar, ya dube ni.

"Umaru, na ga ka yi wahala. Amma cikin takardag ga za ta shiga ta kwana? Ruwa ya sauka. Ɗakinta na can Lambara na yaɓe shi tun watan jiya. In ka gama naka, ka zaka mu yi magana."

Na naɗe takardata. Aka fito da Inna, aka taimaka mata ta hau jaki. Ta rame a takaba, ban lura ba sai ranar. Ina tsaye gefe riƙe da takarda ta jiƙe da gumi. Ba ta dube ni ba, ban kuma sa ran za ta duba ba. Har an fara tafiya sai ta ja linzami ta tsaya, ta juya wajen Gwaggo, ta yi magana da ƙarfi yadda zan ji.

"Kulu, ki ce wa wancan na san ya yi ƙoƙari, Allah Shi yi mishi albarka, shi da ɗiyar mutane. Ki ce shi koma maza. Salla ta matso, masu ɗinki na can suna jira, kada shi bar keke zaune sabili da ni."

Gwaggo ta buɗe baki, ta dube ni, idonta ya kawo ruwa. Na girgiza mata kai. Ta haɗiye, ta maimaita mini saƙon kalma bayan kalma kamar yadda ta saba. Na ce a gaya mata na ji, yanzu zan koma. Na tsaya har jakunan suka sha kwana wajen gonakin gero.

Damina biyu Inna ta yi a Lambara Allah Ya karɓi abinSa. Lokacin gini ya kai lintal, wato saman ƙofa, saura rufi. Har ta koma ga Mahaliccinta tana zaton ina Boɗinga ina taka keke.